Rabin Fuska a Bangon Tasha

Insifekta Jatau bai ko kurɓi shayinsa ba, Alhaji Faruku ya faɗo komisariyar 'yan sanda yana kumfar baki. An ɓata masa tallar man bilicin da ya sa aka zana a bangon tashar Dogon Dutsi.

Tallar wata mace ce fara tas, tana murmushi. Yanzu rabin fuskarta ya koma baƙi, duk tabon ƙuna. A ƙasa an rubuta: "Ga abin da yake sayarwa."

"Meri, hukumar gari da kanta, ta ba ni bangon ga, da takarda!" in ji Alhaji. "Mahmudu mai fenti ya ɓata ta, don na ba wani aikin zanen. A kama shi!"

Jatau ya tsani a koya masa aikinsa. Da ya isa tashar, ya matsa kusa da bango. Babu sawun buroshi, sai layuka sirara masu lanƙwasa. A ƙasa ga leda an yanke mata baki, fenti ya bushe a ciki. Masu zanen lalle ke aiki haka.

Ya je shagon Mahmudu.

"Wace mace ta sayi baƙin fenti nan?"

"Babu, ranka shi daɗe."

"Dube ni."

Mahmudu ya dubi takalminsa.

Mai ƙosan tasha ma ta rantse ba ta ga komai ba. Amma da idonta ya sauka kan zanen, sai ta ce a hankali, "Allah sarki, Habsatu."

Gidan su Habsatu bai yi wuyar samu ba. Ƙanwarta Mubaraka na tsakar gida tana yi wa wata amarya lalle, gefen farcenta baƙi da fenti.

"Ni ce," in ji ta, ba ta ko miƙe ba. "Ran Juma'a, kuna masallaci. Yaya, hito shi gani!"

Habsatu ta fito, ta janye mayafi. Zanen ma ya yi mata sauƙi. Jatau ya ji zuciyarsa na tafasa, kuma ba da yarinyar yake fushi ba.

"Tun da man Alhaji ya ƙona ta, shekara biyu ba ta leƙa ƙohwar gida ba," Mubaraka ta ce. "Mun kai kuka meri, sunka ce bango nashi na. Fuskarta fa, ta wa ce?"

Doka doka ce. Ya bari ta gama hannun amarya, sannan ya tasa ta gaba.

A tasha suka tarar da Alhaji da bokitin farar ƙasa, zai shafe zanen. Mubaraka ta tsaya cak.

"Aje shi!" Jatau ya daka masa tsawa. "Wanga bango shaida na. Wanda duk ya taɓa shi kahin alƙali shi yanke hukunci, ni ka rufe shi da hannuna."

"Yaushe za a yanke?"

"Alhaji, ka san kotu."

Mubaraka ta gyara ɗankwalinta, ta shiga motar 'yan sanda da ƙafarta.