Kifin da Furofesa Bai Ƙirga Ba

Ko na rantse muku da duk abin da ake rantsuwa da shi, ba za ku yarda da abin da ya samu Furofesa ba. Amma bokitan duwatsun suna nan a bayan ƙofarsa, mai musu ya je ya gani.

Furofesa dai a aji uku ya yi sallama da makaranta, ranar da ya saka wa malamin lissafi kwaɗo a aljihun tebur. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa. Aikinsa a gindin madatsar ruwa yake, inda wani ofishin bincike ya kafa tarkon ƙarfe a bakin ƙofar da kifi ke bi ya haura kogi. Safe da yamma zai ɗaga murfi, ya ƙirga abin da ya shiga, ya sake su su wuce.

Ma'aikaciyar ofishin da ta ɗauke shi aiki, wadda yake kira Madam Lissafi, ta taɓa ce masa, "Duk ranar da uzuri ya hana ka dubawa, kar ka ƙirƙiro min lamba. Bar gurbin haka. Zan haɗa na jiya da na gobe in raba biyu, in cike da ƙiyasi."

Wannan magana ta fi masa albashi daɗi. Tun daga nan, da hadari ya haɗo da yamma, sai ya naɗe ƙafa a gida. Ya ce wa Madam aljanu ne ke jifansa a bakin ruwa idan ana ruwan sama. Don a samu shaida, har ya laɓe ya yi wa rumfar maigadin madatsar ruwan duwatsu, tsoho ya kwana yana salati. Washegari kuwa sai ya tarar da tarko cike maƙil, kifi sun danne juna sun mutu. Ya juye su a ƙasan kogi kafin ido ya gani.

"Na je, ban je ba, lamba ɗaya ce," in ji shi a teburin mai shayi. "Kimiyya ce, ba za ku gane ba."

Wata yamma ruwa ya ɗauke gab da magariba. Matarsa tana mayar da wanki kan igiya, 'yarsu Auta tana aikin makaranta a bakin ƙofa, shi yana kishingiɗe yana kama rediyo. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya kusa da ƙafar Auta.

Dutse ne, sumul, jiƙe, da gansakuka a jikinsa.

"Baban Auta, ka fara halin naka ko?"

"Ga hannuwana kina gani."

Na biyu ya sauka. Na uku. Ba da ƙarfi ba, ba da gaggawa ba, ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga. Furofesa ya zaga bayan gida da tocila, don ya san duk inda mai jifa ke laɓewa. Babu kowa, babu ko sawu a laka.

Haka abin ya zauna musu. Duk yammar da aka yi ruwa, duwatsu. Da farko matar tana kuka, daga baya ta daina. Sai ta jira su gama, ta ɗauki tsintsiya, ta tara a bokiti. Maƙwabta suka daina aiko yara. Gidan ya ɗauki ƙarnin kifi, alhali ba a dafa ba. Ana cin abinci ba a magana, ana kashe fitila ba a yi sai da safe ba.

Sannan Auta ta yi shiru. Ta bar gado ta koma kwanciya a simintin banɗaki, inda ruwa ke taruwa. Idonta a buɗe, ba ƙiftawa, bakinta yana buɗewa yana rufewa ba sauti. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Furofesa, wanda bakinsa bai taɓa mutuwa ba, ya zauna a ƙofar banɗakin yana kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ba ya jin tsoro, ba ya jin komai, kamar an zare masa wani abu a ciki.

Yayan matar ne ya kawo Malam, wani siririn dattijo mai sanyin murya. A yammar ce kuma Madam Lissafi ta zo duba yarinya, aka ba ta kujera a bakin ƙofa. Ta ce wa Furofesa a hankali, ofis ya ga kifin da ke haurawa bai taka kara ya karya ba, za a toshe ƙofar kifin a kwance tarko.

Malam ya fara karatu. Ruwa ya fara sauka. Can Auta ta tashi zaune, muryar da ta fito daga bakinta ta wani tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin randa.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Kai wane ne?"

"Makiyayi. Garkena a ruwa yake."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Tambayi ubanta. Ya ce ina jifansa. To, na jefe shi, don kar ya zama maƙaryaci."

Babu wanda ya yi dariya. Furofesa ya sunkuyar da kai.

"Garkena ba ya haurawa sai ruwa ya ƙaru," in ji muryar. "Ranar ruwan sama nake koro su. Ranar ce shi kuma yake kwance yana jin rediyo. Su cushe a ƙarfe, su mutu, ya zubar da asuba. Sannan a ce ƙalilan ne suka wuce, kamar jiya, kamar gobe. Yanzu kuma za a toshe min hanya. Duk dutse ɗaya, kifi ɗaya ne. Ni ba na ƙiyasi."

"Me kake so?"

"Yarinyar. Tana da lissafi, za ta taya ni kiwo."

Uwar ta yi wani ƙaramin sauti ta toshe baki.

"Ba ita ta bar maka tarko a rufe ba," in ji Malam, bai ɗaga murya ba. "Zalunci haramun ne a kanmu, haramun ne a kanku. Faɗi wani abin."

Ruwa yana ta ɗiga daga indararo.

"Ya mayar min da duwatsuna. Ɗaya a hannu, tafiya ɗaya, da ƙafarsa. Yammar ruwa kuma ya buɗe tarko ya ƙirga da ƙarfi, ina ji. Ƙofar kifi ta zauna a buɗe."

Malam ya juya ya dubi Madam. Ta daɗe tana kallon bokitan da ke jere a jikin bango.

"Ƙiyasi yana aiki ne idan gurbin ya faɗo da kansa," ta ce, ba tare da ta dubi Furofesa ba. "Kai zaɓar ranakun ka yi. Zan goge duk abin da na cike. Ƙofa za ta kai wata damina, a sake ƙirga daga farko."

"Madam, ai ga lambar a bokiti," in ji Furofesa, da ragowar bakinsa. "Ki ƙirga kawai."

"In rubuta cewa wa ya ba ni lambar?" in ji Madam.

Auta ta yi atishawa sau ɗaya, ta sulale jikin uwarta. Ta buɗe ido, ta ƙifta.

"Mama, sanyi nake ji."

Washegari Furofesa ya duba hagu ya duba dama, ya ɗora bokiti guda a keke, ya je ya juye a kogi gaba ɗaya. Ya dawo yana fito. A bakin ƙofa ya tarar duwatsun da ya juye sun riga shi dawowa, bokiti na gaba ya yi tozo da su suna ɗigar ruwa, maigadi kuma yana zaune a kai, ya zo jin wanda zai gyara masa rufin rumfa.

Furofesa ya jingine keken. Ya sunkuya ya ɗauki dutse ɗaya, ya kama hanya.

"Ɗaya," in ji Auta daga bakin ƙofa, da muryarta.