Sai An Motsa Ruwan

Bayan rasuwar 'yata Auta aka ce in je ɗakin binciken da take aiki in kwashe kayanta. Ban samu zuwa ba sai dab da magariba. Mai gadi ya buɗe mini ya ce, "Hajiya, bari in yi salla in dawo."

Ɗakin sanyi ƙalau, ba taga, sai warin gishiri da danshi. Kwalabe ne jere a kan kanta, cike da ruwan teku. Ni bokona bai yi nisa ba, amma Auta ta sha ba ni labarin abin da ke ciki. Wasu halittu ne da ido ba ya gani, kowace da wutsiya biyu, tana juyi kamar katantanwa. Haske ne abincinsu, kamar ganye.

"Tsohuwa," haka take kirana don tsokana, ba ta taɓa ce mini Mama ba. "A duhu suna walƙiya, amma sai an motsa ruwan. Halinku ɗaya, sai an taɓa ki kike tartsatsi."

Ina cikin ninke rigar aikinta fitilu suka mutu. Ƙofa ta ja kanta ta rufe. Na murɗa, na jijjiga, na buga. Ko gezau.

Sai kwalbar can ƙarshe ta yi shuɗi. Ta dushe. Ta kusa da ita ta kama.

Ni kuwa ina jikin ƙofa, ban taɓa komai ba.

Ƙwas. Ƙarar farce a kan gilashi. Hasken yana tahowa, kwalba bayan kwalba. Na ji ƙamshin man da Auta take shafawa. Wallahi ƙafata ta ɗaga da kanta.

Aka yi raɗa, da muryarta sak.

"Mama. Matso."

Na manne da ƙofa.

"Ba 'yata ba ce ke," na ce.

Kwalaben suka kama gaba ɗaya. A shuɗin nan na ga hannu a kan kanta, yatsu zara-zara, sun fi cokali tsawo.

Na ƙwala salati. Ƙofa ta buɗe, na faɗa kan mai gadi.

"Hajiya lafiya? Ai ba a kulle take ba."

Rigar ma can na baro ta. Har yau, in yayan Auta ya kira ni Mama daga duhu, sai na kunna fitila na ga fuskarsa kafin in amsa.