Dunduniyar Zailani

"Ina za ka da wannan ƙafar?"

Zailani bai ɗago ya dube ni ba. Yana zaune a bakin gado, yana kokawar cusa ƙafarsa mai bandeji cikin takalmin robar da yake kiwo da shi. Gumi ya jiƙa masa goshi, alhali hantsi bai ko ɗaga ba.

"Zahra'u, matsa min daga ƙofa."

"Wallahi ba zan matsa ba! Likita cewa ya yi kada ka kuskura ka taka ta sai ya ba ka izini. A gabana ya faɗa, Yaya... a gabana!"

"Likita ba shi da shanu."

"Amma kai kana da mata!"

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, ba na fushi ba, na mutumin da aka ɗaure ne yana kallon aikinsa yana lalacewa.

Ni 'yar Badafi ce ta ƙasar Kiru, gidanmu manoma ne kaka da kakanni. A bikin wata 'yar'uwata a Tudun Wada na fara ganin Zailani, dogo, mai sanyin magana, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Na ɗauka ƙaya ya taka. Sai da aka kawo ni rugarsu a gefen Doguwa na san ciwo ne na shekara da shekaru.

Kullum ya farka ya sauke ƙafa ƙasa, sai ya cije leɓe, ya ce ji yake kamar an kafa masa ƙusa a dunduniya. A haka zai bi shanu yini guda. An yi gashi, an yi ƙaho, an shafa mayuka kala-kala, har allura an yi masa a wurin. Ciwon ya lafa kwana biyu, ya dawo ya fi na da. Daga ƙarshe aka ɗauki hoton ƙafar a Kano, aka ce ƙashi ne ya tsiro kamar ƙaya, jijiyar tafin ƙafar kuma ta yi tauri, sai an yi aiki.

A ƙarshen rani aka yi aikin. Muna ganin kafin ruwa ya sauka ya miƙe. Sai ga damina ta zo da wuri, manoma suka yi shuka ta ko'ina, ya zama dole a janye shanu zuwa gindin duwatsu tun kafin su shiga gonar wani a yi tashin hankali. Zailani kuwa shi kaɗai ne namiji a wurin mahaifinsa, Baffa Uba, wanda tsufa ya riga ya zaunar da shi.

Ranar dai bai saurare ni ba. Ya ɗauki sandunan asibiti ya raɓa ta gefena ya fita. Na bi shi a baya ina kuka har garke. Bai yi nisa ba sanda ɗaya ta zame a cikin taɓo, ya dira da dukkan nauyinsa a kan ƙafar.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi.

Da ƙyar na dawo da shi ɗaki. Ina warware bandejin na ga jini ya jiƙa shi sharkaf, ɗinkin ya ɗan buɗe ta gefe. Na wanke wurin, na naɗa sabo.

"Kada ki gaya wa Baffa," ya ce da ni.

"Yaya..."

"Gobe zan ɗaure ta tamau in tafi. In na kai su dutse sai in zauna, ai ba gudu zan yi ba. Zahrata, ki fahimce ni. Da wane ido zan kalli tsohon nan in shanunsa suka ja masa abin kunya ina kwance?"

Na ɗauki bandejin mai jinin na fita.

Tun da aka kawo ni gidan, maganata da Baffa ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa, a durƙushe, kaina a ƙasa. Amma da la'asar na ja mayafi na tafi gindin ɗorawar da yake zama. Na durƙusa a gabansa. Sai kawai na ajiye bandejin nan mai jini a gefen buzunsa.

Ya daɗe yana kallonsa.

"Na wane ne?" ya tambaya, ko da yake ya sani.

"Baffa, ka gafarce ni, na yi rashin kunya. Cewa ya yi gobe zai kora shanu. Likita kuma ya ce in aikin ya lalace, ba lallai ya ƙara takawa daidai ba har abada. Ni ya ƙi jin tawa... taka kaɗai zai ji."

Kuka ya ci ƙarfina. Baffa ya ja carbinsa a hankali.

"Tashi, 'yata. Na ji."

Washegari da hantsi muka ji kukan shanu suna tashi. Zailani ya ja jiki zuwa ƙofa. Ga Baffa tsaye da malafa a ka, sanda a kafaɗa, goran ruwa a rataye. Inna, matarsa, tana ɗaure masa ƙullin gari.

"Baffa! Me ke nan? Kai da ko masallaci sai ka huta a hanya?"

"Ni na haife ka, ko kai ka haife ni?"

"Don Allah, Baffa, ka bari..."

"Zauna, Zailani. Tun ba a san za a yi ka ba nake hawa duwatsun nan. Ban yafe ba in ka taka ƙafar nan kafin likita ya ce ka taka."

Ya juya ya kira sunan babbar saniyarsa, garken ya bi shi. Zailani ya waiwayo ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba, ya gane.

Makonnin da suka biyo baya jinya ce zalla. Aka gyara ɗinkin a asibiti, daga baya aka cire zaren. Ina ɗora masa ƙafar a kan matashi don kumburi ya sauka. Ina riƙe da tsumma, ya saƙala a yatsunsa yana ja a hankali kamar yadda aka koya mana, har jijiyar ta saki. Wani lokaci zafi ya sa ya ture hannuna, can kuma ya kamo shi ya sumbata.

"Ki yi haƙuri, masoyiya. Ba ke ba ce, zaman ne ya ishe ni."

Baffa kan hau saman dutse inda waya ke samu, ya kira. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa.

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, Baffa. Ya shanun?"

"Shanu ba su da ciwon ƙafa. Ba ni 'yata mu gaisa."

Har Zailani ya fara dariya, har na fara tunanin mun tsallake.

Sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da yini bai ɗauke ba. Wayar Baffa ta daina shiga. Ran da hadari ya washe, wani makiyayi da suke maƙwabtaka a dutse ya kawo shi a kan babur, an ɗaure shi da rawani a bayansa don kada ya faɗi. Jikinsa zafi rau, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ruwan ya dake shi ne yana neman ɗan maraƙin da ya ɓata, sanyi ya kama masa haƙarƙari.

Aka wuce da shi asibiti. Bai kwana uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Zailani bai samu ya ɗauki makarar ubansa ba. A kan babur aka kai shi wurin salla, ya tsaya a kan sanduna a ƙarshen sahu. Ko ƙasar kabari, miƙo masa aka yi a tafin hannu.

Da ya dawo na kai masa ruwa. Bai karɓa ba. Ya dubi ƙafarsa, sannan ya dube ni.

"Da kin yi shiru, Zahra'u, da Baffa yana nan."

A hankali ya faɗa, ba tsawa, ba zagi. Na ajiye kofin na fita bayan ɗaki, na toshe bakina da mayafi don kada masu zaman makoki su ji.

Abin da ya fi ci min rai, ban iya cewa ƙarya ya yi ba.

Makiyayan dutse suka haɗa shanunmu da nasu, suka ce za su riƙe har kaka saboda Allah da darajar mamaci. Ni kuwa na ci gaba da jinya. In gasa masa ƙafa, in shafa magani a tabon, in riƙe shi yana koyon dafa ƙasa da yatsu. Yana barina in yi, amma bai ƙara kiran sunana ba. "Na gode" ma ta ɗauke. Muna ɗaki ɗaya kamar baƙin da mota ta haɗa.

Bayan sadakar arba'in na durƙusa a gabansa.

"Yaya, ka ba ni izini in je gida."

Ya ci gaba da kallon ƙafarsa.

"Ganina yana ƙara maka ciwo, na sani. Ni ma ba na iya kallon kaina. In ka ji sauƙi a ranka ka san inda nake. In kuma ba ka ji ba... ba zan ga laifinka ba."

Na so ya ce kada in tafi. Wallahi da ya ce ko da "zauna" ne, da na zauna. Sai ya kawar da kai.

"Allah ya kiyaye hanya."

Inna tana cikin takaba, amma ta raka ni har iyakar shingen gida. Ta riƙe hannuna tana hawaye.

A Badafi na yi sauran damina. Na taya Umma, mahaifiyata, aikin gida, na rame har Abba, mahaifina, ya fara maganar zai je Doguwa da kansa. Na roƙe shi ya bari. Kullum na idar da salla sai in yi wa Baffa addu'a, in kuma tambayi kaina: da na san haka za ta faru, zan yi shiru? Har yau ban samu amsar da ta kwanta min ba.

Dawa ta fara nuna, wata ranar Laraba da hantsi ina sussukar gero a tsakar gida, na ji sallama a zaure. Taɓaryar ta kusa suɓucewa daga hannuna.

Muryar Zailani ce. Na daɗe ina jin maganarsu shi da Abba ƙasa-ƙasa. Can Abba ya leƙo.

"Zahra'u, zo ga mijinki."

Ya fita ya bar mu.

Zailani yana tsaye a tsakiyar zaure. Tsaye, a kan ƙafafunsa biyu, babu sanda. Ya rame shi ma, gemunsa ya taru.

"A bakin titi na sa ɗan achaɓa ya sauke ni," ya ce. "Na so in shigo gidanku da ƙafata."

Na durƙusa na gaishe shi. Sai shi ma ya durƙusa a gabana.

"Yaya, tashi! Ƙafarka..."

"Ta warke, Zahrata. Likita ya sallame ni. Da safe in na sauko daga gado ba na jin komai... Ranar farko da na taka ban ji zafi ba, na juya in gaya miki, sai na ga ɗaki babu kowa."

Hawaye suka ɓalle min.

"Da Inna ta fita takaba ta kira ni," ya ci gaba. "Ta ce ran da kika je wurin Baffa, ya shigo ɗakinta riƙe da bandejin nan yana hawaye. Ya ce shekara nawa yana kallon ɗansa yana ɗingishi a bayan shanu bai taɓa cewa ya huta ba, sai da 'yar mutane ta zo ta cire kunya ta tuna masa. Ta ce tun da ta aure shi ba ta ga ya fita kiwo da farin ciki irin na wannan safiyar ba."

"Amma da ban faɗa ba..."

"Da na tafi, na dawo gurgu, shi kuma ya mutu da baƙin cikin haka. Ko kuma wani abin daban, Allah ne masani. Kwanansa ne ya ƙare, Zahra'u. Kaina na tsana, da na kasa ɗaukar makararsa, na rasa inda zan sauke, sai na sauke a kanki. Ke da kike wanke min ƙafa kina kuka a ɓoye... ina jin ki, wallahi ina jin ki, girman kai ya hana ni magana. Ki yafe min."

Na kama hannunsa da hannuwana biyu na kifa fuskata a kai, muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun ranar da aka binne Baffa.

Da muka lafa, na goge ido da gefen mayafi.

"Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe min."

"Ba ki yi min komai ba sai alheri."

Ya miƙe, ya miƙo min hannu ya tashe ni.

"Je ki haɗa kayanki. Jibi zan hau dutse in karɓo shanun Baffa, ina so in na dawo in same ki a gida. Inna ma cewa ta yi, in na san ni kaɗai zan koma, kada in soma shiga mata ruga."