Mai Sauraro a Kunnen Surayya

Ran da abin ya fara, yammacin bai bambanta da sauran ba. Sammani ya dawo daga gonar tumatir ɗinsa ta bakin kanal, ƙafafu duk laka, kunnuwa na ta amo saboda injin ban ruwa da ya yini yana ruri. Matarsa Saude na tuƙa tuwo. 'Yarsu Surayya, budurwa mai ɗinki a cikin gida, na zaune gaban keke da kunnuwa a toshe.

Iyafis ne ta sa, amma ba irin na tebur da ake sayarwa a tashar Kura ba. Ƙanen Sammani, Suhaibu, mai aikin haɗa sauti a wani situdiyo a Kano, wanda iyalinsa ke sashen gabas na gidan, shi ya kawo mata tsaraba. Irin wanda mawaƙa ke sawa a kan dandamali ne: wayar ta zagaya bayan kunne, robar ta shige ta liƙe ruf. Surayya ta ce in ta sa shi, kalangu na dama, garaya na hagu, mawaƙi kuwa a tsakiyar kanta, har jan numfashinsa take ji. Sammani ya taɓa gwadawa ya ce duk hayaniya ce. Ba laifin na'ura ba ne, inji ya riga ya cinye masa rabin ji.

Ana kiran magariba dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinsa. Na biyu ya biyo, sannan na uku. Ya fita ya zagaya gidan, bai ga ko akuya ba. Da ya dawo sai ya tarar keken ɗinki ya tsaya, Surayya ta ƙura wa bango ido.

"Baba, wa ya ƙara murya a waƙar nan?" ta ce a hankali. "Jiya babu ita. Wata ce can ƙasa-ƙasa bayan garaya, tana bin amshi."

Kwana shida aka yi haka. Jifa da magariba, kuma kan ɗakin Sammani kaɗai. Surayya ta daina cin abinci, ta daina cire abin ko da wayar ta mutu. Da Saude ta fizge shi, yarinyar ta yi wani ihu da muryar da ba tata ba, har kaji suka watse, dole ta mayar mata.

To Sammani mutum ne mai saurin zargi. Ko tsutsa ta faɗa wa tumatir ɗinsa, gonar maƙwabci yake fara harara. Sai ya shiga haɗa lissafi a ransa. Bara sun yi sa-in-sa da Suhaibu kan fegin gado. Me ya sa Suhaibu bai ba nasa 'ya'yan abin ba sai Surayya? Me ya sa ko tsakuwa ba ta faɗa sashen gabas?

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Saude. "Ciki ɗaya kuka fito."

Bai ji ba. Ranar Juma'a, ana dawowa daga masallaci, a ƙofar gida gaban jama'a, ya tare ƙanensa.

"Abin da ka sa wa 'yata a kunne, zo ka cire shi."

"Yaya, ni?"

"Kai. In fegin kake so, ka ce da bakinka."

Suhaibu ya dubi mutanen da suka tsaya cirko-cirko, ya sunkuyar da kai ya shige. Abin tausayi, ko rantsuwa bai iya yi ba.

Washegari bayan la'asar aka ɗauko Malam Sada daga Bunkure a kan babur, dattijo mai ruƙiyya, marar son yawan magana. Ya zauna kan buzu, Saude ta riƙe kan Surayya, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida, gari ya yi tsit, har kukan kwaɗin kanal ake jiyowa. Sannan yarinyar ta sandare, wata tsohuwar murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Malam, rage murya. Kana ɓata mini kiɗa."

"Wace ce ke, kuma me ya kawo ki?"

"Tun kafin a haƙa kanal nake gindin giginyar can ta bakin gonarsu. Da, ana kawo garaya wurin, in zauna in ji. Yanzu lasifikokinku sai ihu, kamar ana dukan garwa. Rannan yarinyar nan ta kai wa ubanta abinci da abin nan a kunne, na leƙa. Shiru a ciki, Malam. Kowane kiɗa na zaune a wurinsa, babu mai taka wani. Sai na zauna."

Sammani ya kasa haƙuri. "Malam, tambaye ta wa ya turo ta!"

Kan Surayya ya juyo a hankali har idanunta suka tsaya a kansa.

"Kai ka turo ni. Wa ya kafa inji a ƙofata, yana ruri tun asuba? 'Ya'yana sun kurumce. Ɗakin wa nake jifa?"

"Ƙanena fa?"

"Ban san shi ba. Amma in shi ya zaɓo abin nan, yana da kunne."

Malam Sada ya ce ta fita. Ta ce a bar mata kunnen hagu, yarinya ta riƙe na dama. Ya ƙi. Ta ce to a binne mata iyafis ɗin a gindin giginya. Ya ce ba a yi wa aljani hadaya, ya ɗaga murya da karatu. Jikin Surayya ya ɗauki rawa.

"Injin fa?" muryar ta ce da ƙyar.

"Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne," in ji Malam, ya dubi Sammani. "Za ka matsar?"

"Gobe, in Allah ya kai mu."

"To bar ni in ji ƙarshen waƙar," muryar ta roƙa.

"Babu ƙarshe. Fita."

Surayya ta yi atishawa sau uku, ta sa hannu da kanta ta zare abin, ta ce, "Umma, yunwa." Saude ta fashe da kuka.

Da zai hau babur, Malam Sada ya ce, "Aljani maƙaryaci ne, ba a kafa hujja da shi. Amma kai da wace hujjar ka tsaya gaban jama'a?"

Sammani ya kwana da kunya. Da safe ya matsar da inji, ya dawo ya nufi sashen gabas, yana ta shirya kalmomi a baki. Sai ya ja ya tsaya. Ƙofar da ta haɗa sassan biyu, wadda mahaifinsu ya fasa da hannunsa, an jera mata bulo har ƙirji. Suhaibu na ta wancan gefen da cokalin gini.

"Suhaibu, na zo ne…"

"Na ji, Yaya. Allah ya ƙara mata sauƙi."

"Ta ce ba kai ba ne."

Suhaibu ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Shekara arba'in kana tare da ni, sai da aljana ta faɗa ka yarda?"

Ya ɗebi siminti ya shafa, ya ɗora bulo na gaba.