Sunan da Ba Ya Cikin Littafin

Mama ta amince da auren ranar Asabar da hantsi, a ɗakin girkinta, tana tsaye tana goge kofuna. Kafin nan ta yi wata da watanni ko gaisuwar Tambaya ba ta amsawa.

Tambaya laƙabi ne. Tun tana ƙarama aka liƙa mata shi, ya bi ta har mujallar da take wa aiki. Littafinta na farko a kan ambaliyar da ta cinye asibitin gari ne, shekarar da nas-nas suka yi ta hawa bene da jarirai a hannu, ruwa na kai musu ƙugu. Ta zauna da kusan duk wadda ta yi aiki a ranar, ban da mutum ɗaya: babbar nas ɗin da ta shugabance su. Ita ce Mama, uwar Auta. Auta kuwa, mai gwada ido a shagon tabarau, shi ne wanda Tambaya za ta aura.

Yanzu ana mai da littafin fim, Tambaya ke rubuta shi.

Da safen Auta ya tsayar da mota a ƙofar gidan Mama, Tambaya na gefensa, ya ƙi kashe motar.

"Alƙalamina," ya ce mata, don haka yake kiran ta, "mu bari sai wani makon..."

"Haka ka ce wancan makon."

"Kin san Mama fa!"

"Ban san ta ba. Shi ne matsalar."

A falo ta tarar da 'yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe da sa ido a kan Auta, ta miƙe ƙafa a kujera.

"A'a, marubuciya! An zo a sake share mu?"

Tambaya ta wuce ta, ta durƙusa a bakin ɗakin girki.

"Ina kwana, Mama."

Mama ba ta juyo ba.

"Na karanta littafinki," ta ce. "Da tabarau na karanta, na cire na sake karantawa. Mai shara tana ciki. Mai gadi yana ciki, shi da ya hau bishiya! Ni da na ɗauko jarirai biyu a haɓar rigata, 'shugabarsu' kika ce. Shugabarsu ba ta da suna?"

"Tana da shi, Mama."

"An gaya mini kin ce tsohuwa ce, ta rikice, ba a kafa hujja da ita."

"Wa ya gaya miki?"

Daga falo aka ji an ƙara sautin talabijin.

"Ban taɓa faɗin haka ba," in ji Tambaya. "Ran da na fara aikin na shaida wa edita cewa ɗanki yana nemana. Ta ce to ba ni ba ke. Ƙa'idar aikinmu ce. Ba ka rubuta labarin wanda kake neman wani abu a wurinsa. Da na yabe ki, sai a ce surukuwa nake wa fadanci, a daina yarda da sauran littafin. Ke ma a daina yarda da ke."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na aiko Auta."

Auta, da ya lallaɓo ya tsaya a bayan ƙofa, ya shiga goge tabaransa.

"Na so in faɗa, Mama... ranar kina fushi."

"Yaushe ne ba na fushi? Ka ji mini yaro!"

Ta ajiye kofin, ta juyo. Karon farko ke nan da ta dubi Tambaya ido cikin ido.

"Wato saboda wannan sakaran kika bar ni?"

"Saboda shi."

"In kin aure shi fa?"

"Ba zan taɓa rubuta ki ba. Ko a mujalla, ko a littafi. A fim ɗin ma wata aka ƙirƙira a gurbinki."

"In kin fasa?"

Tambaya ta saba yi wa mutane tambayar da ba su so, ba ta saba a yi mata ba.

"In na fasa, edita za ta bar ni. Bugu na biyu zai fito da sunanki, fim ɗin ma haka."

Auta ya daina goge tabaran. Talabijin ɗin falo ya yi shiru.

Mama ta ɗauki wani kofi ta ci gaba da gogewa.

"Kina son sa?"

"Ina son sa."

"Har da tsoron nan nasa?"

"Har da shi."

"To Allah ya ba ki haƙuri. Suna dai ba ya kawo wa mutum ruwa in ya tsufa. Tashi, 'yata, gwiwarki za ta yi ciwo."

Auta ya sulale ya zauna a ƙasa kamar wanda aka sauke wa buhu. Aka ji ƙofar falo ta buɗe, ta rufe da ƙarfi: 'yar ƙanwar Mama ta fice.

"Kai, bar mana ɗakin," in ji Mama. "Ke kuma ajiye wayar nan a kan firiji."

Ta zuba shayi, ta fara ba da labarin ranar ambaliyar daga lokacin da wuta ta ɗauke. Ta faɗi yadda ta ɗaure jariran da bandeji a ƙirjin nas-nas don hannu ya samu kama bango, da jaririn da ya daina numfashi a tsakiyar bene ta hura masa har ya yi atishawa. Babu ko ɗaya a littafin. Yatsun Tambaya suka yi ta neman biro a kan cinyarta, ta danne su.

"Mama," ta ce da aka gama, "akwai wata abokiyar aikina. Ita ba ruwanta da ɗanki. Za ta iya zuwa ta rubuta."

"Ta iya sauraro kamar ke?"

"Ta fi ni."

"Ƙarya kike."

An sa ranar aure. Abokiyar aikin ta kira Mama ranar Litinin. Mama ta ce za ta yi tunani, kuma har yanzu ba ta kira ba.