Saran da Ya Sauka a Jikin Barau

Ranar Alhamis ce, ƙarshen damina. Tun safe ake yayyafi, rana ba ta leƙo ba.

Yara biyu ke koyon tauri a hannun Baba Arzika, maganin nan da ke hana ƙarfe cin mutum. Nomau da Barau. Tare suka taso, a ƙwarya ɗaya suka sha maganin farko. Amma jikin Barau ya fi karɓa. Yakan ja wuƙa a cikinsa ta dakushe. Nomau kuwa ko a hannu ya ja, sai ta bar masa jan zane. Ga shi gobe akwai wasan tauri a bakin kasuwa, gari duk zai taru.

Da la'asar Baba Arzika ya aike su daji ɗebo sassaƙe. A hanya Barau ya ce, "Gobe kai riga za ka riƙe mini. Ko a ba ka ludayi ka yi wasa da shi, shi ba ya yanka."

Nomau ya kai masa naushi a baki. Suka kama kokawa cikin taɓo. Barau ya danne shi, ya cusa masa fuska a laka, ya tashi yana tofar da jini, ya juya gida. Nomau ya ci gaba shi kaɗai. Ya bi ta ramukan tama, inda maƙera suke haƙo ƙarfe a zamanin da. Ba a bin wurin in rana ta yi sanyi. Ya sani.

Sai ya ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Wani tsoho ne zaune a bakin rami yana washin wuƙa. Ruwa na sauka, rigarsa a bushe. Nomau ya durƙusa zai gaishe shi, idonsa ya faɗa kan ƙafafun. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Bakin tsohon ya motsa, ya rufe. Sannan muryar ta fito.

"An kayar da kai, yaro."

"An kayar da ni, Baba."

"Kana so ƙarfe ya ji tsoronka?"

"Ina so."

"Sara ba ya ɓacewa. In bai sauka a kanka ba, zai nemi wurin sauka. Da wa ka sha ƙwarya?"

Nomau bai tsaya tunani ba. Har yanzu akwai laka a haƙoransa. Ya ce, "Barau."

Tsohon ya goga masa dutsen washin a goshi. Sanyi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Da ya ɗago, babu kowa.

Ranar Juma'a da yamma makaɗa suka saki ganguna. Barau ya shiga fili ya yi nasa, aka yi masa guɗa, ya koma gefe yana dariya. Nomau ya shiga. Ya zari babbar wuƙar da ko manya ke shakka, ya ja ta a damtsensa da ƙarfi. Ko zane babu. Bakin wuƙar ya lanƙwashe. Fili ya ruɗe da ihu, shi ya sa bai ji kukan da aka yi a gefe ba. Ya ɗauki wata, ya ja a cikinsa daga wannan kwiɓi zuwa wancan. Ita ma ta dakushe. Ya ɗauki ta uku, ya ɗaga haɓa, ya ɗora ta a maƙogwaro.

Baba Arzika ya cafke hannun, ya murɗe shi har wuƙar ta faɗi. Ya juya masa kai da ƙarfi. "Duba."

Barau na kwance. Damtsensa a buɗe, cikinsa a tsage, yana tare shi da hannu biyu. Babu wanda ya taɓa shi.

"Wa ka ba sunansa?" in ji Baba Arzika.

Nomau ya faɗa masa labarin tsohon bakin rami. Dattijon ya kwaɗa masa mari. "Maganina ba zai rufe wannan ba. Wanda ya ƙulla shi zai kwance. In magariba ta wuce, sai dai a haƙa kabari."

Nomau ya juya zai ruga. Barau ya riƙe masa ƙafar wando. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tafi da ni. Kai kaɗai ka je jiya, ga abin da ka sayo mana."

Aka ɗaure cikin da rawani. Nomau ya goya shi. Jini mai ɗumi na bin bayansa har cikin takalmi. Babu wanda ya bi su.

Tsohon na nan a bakin ramin, yana washi.

"Na dawo da abinka, Baba."

"Ba a dawo da shi. Sai dai a karɓi saran. Naka ne, biyu. Za ka karɓa?"

Nomau ya ji numfashin Barau a wuyansa yana yankewa. Ya sauke shi a hankali, ya tuɓe riga. "Kawo."

Tsohon bai tashi ba. Ya ja wuƙar a kan dutse sau ɗaya, damtsen Nomau ya dare har ƙashi. Ya sake ja, cikin ya buɗe. Nomau ya faɗi a gwiwa, ya ciji ƙasa. Yana ganin ƙafafun nan suna sauka cikin ramin, yatsun na kallonsa.

Barau ne ya goyo shi gida, shi nasa raunukan sun rufe sai tabo. Duk hanya yana zaginsa don kada ya yi barci. "In ka mutu a bayana sai na fasa maka baki, ɗan ludayi." Wanzami ya ɗinke shi, Baba Arzika ya zuba nasa maganin, ya yi aiki. Nomau ya rayu, amma hannun damansa bai ƙara damƙar komai ba.

Ku da ke ji, kada ɗayanku ya bi ta ramukan tama shi kaɗai. In kuma da fushin wani a ransa, ko da rana tsaka kada ya bi.

Washegari da safe Nomau ya sa Barau ya tattaro masa wuƙaƙensa. Ya aika aka kira maƙeri, ya tura masa su da ƙafa, ya ce a mayar da su lauje.