Ƙyallen Lambar Yaaba

A garin Kudugu akwai wata yarinya mai rawar kai. In ta ga abu ya tsufa, sai ta gyara shi, ko ba a sa ta ba.

Kakanta, Yaaba Tinga, tsohon soja ne. Ana gobe bikin ranar 'yanci, ya fito da lambar yabonsa. Ya maƙala ta a rigarsa ta saƙi, ya rataye rigar, ya tafi aski.

Yarinya ta zo ta duba. Ƙyallen da ke riƙe da lambar ya koɗe. Baƙi ne da fari da ja.

"Kai! Wannan ai ba launin tutarmu ba ne," in ji ta. "Ja da kore muke zanawa a makaranta. Gobe sai a yi wa Yaaba dariya."

Ta ɗauko almakashin mamarta ta datse shi. Ta ɗinka sabo, ja da kore. Tsohon ƙyallen kuwa ta jefa shi murhu.

Da Yaaba ya dawo, ta tarye shi da tsalle. "Yaaba, zo ka ga aikina!"

Tsoho ya kalli rigar. Ya taɓa sabon ƙyallen.

"Ina nawa?" ya tambaya a hankali.

"Na ƙone shi. Ai tsumma ne."

Mama ta saki muciya. "Wayyo, ke! Wa ya aike ki?"

Yaaba ya zauna a kan turmi. "Jikata, lokacin da aka ba ni lambar nan, sunan ƙasarmu Hot-Bolta. Launin tutarta ke nan kika ƙone. A shekarar fari na yi ta kai hatsi arewa da motar soja, shi ya sa aka ba ni. Yanzu ba mai yin irin ƙyallen."

Ya goge ido. "Da bakin ƙyallen ya fara zarewa, marigayiya kakarki ce ta ɗinke shi. Ɗinkinta nake shafawa in na tuna ta."

Yarinya ta zabura. Ta ruga murhu, ta yi ta tona toka da itace tana kuka. Can gefen dutse ta sami ɗan guntu, bai fi kan yatsa ba. Wuta ta ci sauran. Amma ga ɗinkin kaka nan, ƙanana a jere.

Ta durƙusa ta miƙa masa. "Yaaba, ka yafe mini. Da na sani da na tambaye ka."

Ya karɓa ya hure tokar. "Abin da ya ƙone ya ƙone, ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Tashi, sarkin gyara. Ɗauko allurarki."

Ta ɗinka guntun a kan sabon ƙyallen. Wannan karon sai da ta tambaya, "Nan ya yi?" kafin ta soka allura.

Washegari Yaaba ya shiga sahun tsofaffin sojoji. Wani abokinsa ya ce, "Tinga, me ya ci ƙyallenka?"

Ya yi murmushi. "Aikin matata ne da na jikata."

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara gyara kayan wani ba sai ta tambayi mai shi. Ta gane cewa ba kowane tsohon abu ne tsumma ba.